Kashin Masai: A Ƙona Shi Ko A Kai Gona?

A garin Nakuru na ƙasar Kenya, a cikin 2017, hukumar ruwan garin ta shiga sayar da wani irin gawayi da a ke yi da abin da a ke kwasowa daga masai. Mai jin wannan zai yamutsa fuska, amma ga yadda aikin ya ke.

Da farko sai a shanya ƙazantar a rumfuna na makonni, gama ko an tace ta, wajen kashi huɗu cikin biyar ruwa ne, ruwa kuwa ba ya cin wuta. In ta bushe sai a gasa ta da wuta mai tsanani. Wannan gashin shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, shi ke kuma kore wari. Sa'an nan a niƙa, a haɗa da garin katako, a zuba ɗan maɗin rake don ya kama, inji ya cura shi ƙanana ƙanana.

Haɗin nan dole ne. Busasshiyar ƙazanta ita kaɗai ba ta kai itace zafi ba, tokarta kuwa ta kan kai sulusin nauyinta, har ta fi. Tokar nan in wuta ta yi ƙarfi ta kan narke ta dunƙule, ta toshe murhu. Garin katako ba shi da toka sai kaɗan, don haka shi ke gyara wutar. Ɓawon gyaɗa ma ya yi, amma ɓuntun shinkafa tokarsa da yawa, ƙara wahala zai yi.

To, ina ruwan manomi? Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano su ke kai takin birni gonakinsu a kan jakuna. Abin da aka ƙona ya fita daga hannunsu. Sinadarin naitirojin, watau abin da ke sa ganyen dawa ya yi kore shar, wuta ta kan kore shi ya bi hayaƙi. Fosfaras shi ke zama a toka, amma tare da dalma da sauran ƙarafa masu guba in akwai su. Lakar da ruwan masana'antun jima ya ratsa, irin na Sharaɗa da Chalawa, lalle ba ta gona ba ce, ba ta murhun tuwo ba ce kuma.

Turawa ma sun sha wannan gardama. Ƙasar Suwizalan ta hana zuba lakar kwata a gona tun 2006, ƙona ta a ke yi. Jamus kuwa ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 manyan matatun kwata tilas su riƙa ciro fosfaras daga lakar ko tokarta, don a mai da shi taki.