Labarin Tseren Motoci da Abin da 'Yan Kallo Suka Riƙe

Mutumin Rikoto, cikin ƙasar Zuru, ba baƙon kallo ba ne. Ya san kokawar samarin Dakarkari lokacin Uhola, ya kuma san yadda doki ke tashin ƙura ran Salla. Amma tseren motoci, watau a jera motoci a sake su kamar dawakin sukuwa, babu filinsa a ƙasar Zuru duka. Wanda ya so ganin irinsa kusa da gida sai ya kama hanyar Dabai da Mahuta ya fita Koko, ya ratsa Jega da Birnin Kabi, ya sauka Argungu lokacin bukin kamun kifi.

Asalin wannan buki kuwa sananne ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi su a ruwa don girmama baƙo, aka kuma binne tsohuwar gaba da ke tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Daga baya aka yi ta ƙara wasanni bisa ga kamun kifin Matan Fada, har tseren motoci ya shigo. A watan Maris na 2020, da aka farfaɗo da bukin bayan ya yi kimanin shekara 10 a kwance, motocin daga Abuja suka taso, kuma waɗanda aka harhaɗa cikin Nijeriya ne. Hukumar da ta tsaya ga al'amarin a lokacin tana hannun Jelani Aliyu, Basakkwacen nan da ya yi suna wajen zanen mota a kamfanin General Motors na Amurka.

To, tseren iri biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya rarrabe. Akwai na doguwar hanya, irin na Argungu, inda motoci ke tashi daga gari zuwa gari ana lissafa wa kowace lokacinta. Ɗan kallon wannan rabonsa kaɗan ne: ya yini bakin hanya, ya ji ruri daga nesa, mota ta gifta, ƙura ta rufe shi, shi ke nan. Akwai kuma na fili, inda ake kewaye hanya guda kamar filin sukuwar Kano, mai kallo na zaune wuri ɗaya mota na dawo masa.

Cikin filayen duniya babu wanda labarinsa ya kai na Le Mans, a ƙasar Faransa. Tun 1923 ake yinsa. Kewayen hanyar mil 8 da rabi ne, wani sashinta kuwa hanyar kowa da kowa ce, sai a rufe ta don tseren. Sa'a 24 ake yi ana gudu, dare da rana, direbobi na karɓeɓeniya, kuma motar da ta fi cin nisa kafin lokaci ya cika ita ce ta ci. Saboda haka ƙarfin gudu kaɗai ba ya isa, sai da juriyar inji da ta taya da ta mutum, kamar dai yadda madugu ba ya yabon raƙumi ran tashi sai ran sauka. Mutane fiye da dubu 200 kan taru, su kafa tantuna su kwana nan. Abin da tsofaffin 'yan kallon wurin suka fi ambata shi ne dare, lokacin da ba a ganin kome sai fitilu na tsaga duhu, da ƙarfen birki da ya yi ja kamar na maƙera. Akwai wata miƙaƙƙiyar hanya a ciki mai kusan mil 4, inda a 1988 wata mota ta yi gudun da ya kai mil 250 a sa'a. A 1990 aka karya wannan miƙe da kwana biyu don rage gudun.

Amma ranar da ta fi zama a zukatan mutanen wurin ita ce ran 11 ga watan Yuni, 1955. An fara tsere da ƙarfe 4 na yamma. Wajen ƙarfe 6 da rabi saura kaɗan, Mike Hawthorn, Baturen Ingila mai tuƙin Jaguar, ya taka birki don ya ratse wurin shan mai. Wanda ke bayansa, Lance Macklin, ya kauce hagu don kada ya buge shi. Sai ga Pierre Levegh, Bafaranshe mai tuƙin Mercedes, tafe da gudun fiye da mil 120, ya hau bayan motar Macklin kamar an kafa masa gada. Motarsa ta tashi sama, ta faɗi bisa tudun ƙasar da ke tsakanin hanya da jama'a, ta tarwatse. Inji da murfin gaba da ƙafafun gaba suka shiga cikin taro suna sara. Direban ya mutu nan take, 'yan kallo fiye da 80 suka halaka, waɗanda suka yi rauni kuwa sun fi 100. Jikin motar an yi shi da wani ƙarfe marar nauyi wanda idan ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, masu kashe gobara suka zuba ruwa, wuta ta daɗa tashi.

Abin mamaki, ba a tsai da tseren ba. Hujjar shugabannin wurin ita ce, idan aka tsayar, taron zai watse lokaci guda ya toshe hanyar motocin asibiti. Hujjar tana da fuska, ko da yake mai hankali zai ji nauyin a ce ana kwasar gawa a nan ana tafi a can. Filin kuwa da faɗi, har mutane da yawa da ke ɗaya gefen suka ci gaba da kallonsu ba su san abin da ya auku ba sai daga baya. Kamfanin Mercedes ya janye sauran motocinsa cikin dare, Hawthorn ya ci tseren washegari. Ƙasar Suwizalan ta hana tseren fili cikin ƙasarta saboda wannan rana, hanin ya wuce shekara 60. A Le Mans kuma aka rushe mazaunin 'yan kallo aka sake gini, aka faɗaɗa hanya, aka nisanta mutane daga bakinta.

Akwai wata al'ada ta wurin da ita ma 'yan kallo ke so ƙwarai. A da motoci kan jeru gefe guda, direbobi ɗaya gefen, in an saki tuta sai su sheƙa da gudu su faɗa mota su tashi, da yawa ba su tsaya ɗaura ɗamara ba. A 1969 wani saurayi ɗan Beljiyam, Jacky Ickx, ya ƙi gudun. Ya taka a hankali gaban dubban mutane, ya zauna ya ɗaure kansa sosai, ya tashi a ƙarshen kowa. A kewayen farko wani direba Baturen Ingila ya yi haɗari ya mutu. Washegari Ickx ne ya ci tseren, da tazarar da ba ta kai jifa biyu ba. Daga shekara mai zuwa aka bar al'adar. A riƙe sunan wannan mutum, domin zai ɓullo a ƙasar Azbin.

Ƙasar Hausa ta ga nata rabon ta fuskar doguwar hanya. A watan Mayu na 1974, saboda gasar ƙwallon duniya da aka yi a Jamus, aka shirya tsere daga Landan zuwa Munik, aka kuma lanƙwaso hanyar ta ratsa Sahara har Kano kana ta koma arewa. Mota 70 suka tashi. A Aljeriya takardar kwatancen hanya ta saɓa da abin da ke ƙasa, don an yi sabon titi bayan an rubuta ta, mafi yawa suka ɓace cikin rairayi. Mota 19 suka isa Munik, cikinsu 5 kaɗai suka bi hanyar duka. Citroën ta wasu mutanen Ostareliya ce ta zo ta fari, ta biyu kuwa Peugeot 504 ce, mata biyu Faransawa ke tuƙinta. Ita ce Fijon nan da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda fatake suka daɗe suna yi wa lodin da mai ƙirarta bai taɓa mafarki ba.

Sa'an nan babban tseren Faris zuwa Dakar ya zo. Wanda ya ƙago shi, Thierry Sabine, ya taɓa ɓacewa da babur cikin hamada a 1977, aka tsamo shi da kyar, maimakon ya tuba sai ya gayyato wasu. Ran 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, suka bi ta Tamanrasat da Agadas da Yamai da Gao da Bamako, tafiyar fiye da mil 6,000, guda 74 suka isa Dakar ran 14 ga Janairu, 1979. A 1983 aka fara ratsa Tenere, hamadar da ayarin gishirin Bilma ke ketarewa, guguwar rairayi ta taso ta ɓatar da kimanin mutum 40, aka yi kwanaki ana nemansu ta jirgin sama. Wanda ya ci tseren motoci a shekarar shi ne Jacky Ickx ɗin nan mai tafiya a hankali.

Ga mutanen Agadas da Tawa zuwan tseren kasuwa ce. Masu masauki da maƙeran azurfa da makanikai da 'yan jagora duk sun sami rabo, Mano Dayak ma, Ba'azbinen da ya shahara daga baya, yana cikin masu nuna musu hanya. Ga mutanen ƙauye kuwa lissafin dabam ne, gama su ba su sayi tikiti ba, ba kuma shingen da ya raba su da hanya, tseren ne ya iske su ƙofar gida. A 1988 mota ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a Kita, ƙasar Mali. A 2006 yara maza biyu suka mutu haka, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Faransa ta sake ginin fili saboda 'yan kallonta, amma hanyar ƙauyen Afirka yadda tseren ya same ta haka ya bar ta. Irin wannan ganganci ne, ƙarami, samari ke yi da mota da babur ran ɗaukar amarya a garuruwan Arewa, yara tsaye kewaye da su ba ko igiya tsakani.

Shi kansa Sabine ya mutu ran 14 ga Janairu, 1986, da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gurma Rarus a Mali, su biyar. Tseren ya ci gaba bayansa, sai dai tsaro ya yi ta taɓarɓarewa. A 2000 aka kwashe motocin duka cikin manyan jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, don tsoron farmaki a arewacin Nijar. A 2008 aka soke shi ɗungum bayan an kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Kudancin Amurka, a 2020 aka mai da shi ƙasar Saudiyya, ya tashi daga Jidda, sunan Dakar kuwa na nan bisa kansa.