FASHIN BAƘI: Yadda lissafi ke bin sawun sharar da ke haddasa cutar mantuwa

A shekarar 1906, wani likita ɗan ƙasar Jamus mai suna Alois Alzheimer ya gabatar wa takwarorinsa abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata, Auguste Deter, wadda aka kwantar a asibiti a Frankfurt tana da shekara 51 bayan tunaninta ya fara rikicewa. Da ta rasu ya duba ƙwaƙwalwar da madubin kimiyya, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da kuma zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu.

Yau an san cewa dunƙulen na wani furotin ne da ake kira amiloid, zaren kuwa na wani ne mai suna tau. Abin mamakin shi ne ƙwaƙwalwar kowane lafiyayye tana ƙera su duka biyun. To me ya sa suke taruwa a kan wasu har su manta sunayen 'ya'yansu, wasu kuma su haura tamanin garau?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na wannan adadi.

'Yan jari-bola na cikin jiki

Kowace ƙwayar halitta tana da nata masu kwashe shara. Idan furotin ya lalace, sai ta naɗe shi a cikin wata 'yar jaka, ta kai shi wani ɓangare mai tsami da ake kira laisosom, inda za a narkar da shi a sake amfani da kayansa, kamar yadda ɗan jari-bola ke mayar da tsohon ƙarfe sabon kaya. Masanin ƙasar Beljiyam Christian de Duve ne ya raɗa wa aikin suna otofaji a 1963, ma'ana "cin kai" da Girkanci. Ɗan Japan Yoshinori Ohsumi ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi a cikin yis, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2016.

Ƙwayoyin jijiya sun fi kowa dogara da wannan aiki, domin ba sa rabuwa su haifi sababbi kamar na fata. Yawancinsu da su ake haihuwar mutum, da su kuma zai tsufa, saboda haka sharar da ba a kwashe ba tana nan zaune. A ƙwaƙwalwar masu cutar an sha ganin waɗannan jakunkuna jibge, maƙil da kayan da ba su narke ba.

Abin shiga da abin fita

A nan lissafi ke shigowa. Masana kan rubuta ƙa'ida mai sauƙi: canjin yawan furotin daidai yake da abin da ake ƙerawa, a cire abin da ake kwashewa. A ɗauki misalin unguwar da ke zubar da buhun shara 100 kullum, motoci kuma suna kwashe kashi 10 cikin ɗari na abin da ke juji. Jujin zai tsaya a buhu 1,000, inda abin shiga da abin fita suka yi daidai. Idan ƙarfin kwasa ya sauka zuwa kashi 7, zai hau zuwa kusan buhu 1,430, alhali ba wanda ya ƙara zubar da ko tsinke.

Ma'aunin asibiti ya nuna irin haka. A 2010, masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun auna amiloid a ruwan laka, suka tarar masu cutar suna ƙera shi daidai da lafiyayyu, amma saurin kwashe shi ya ragu da kusan kashi 30.

Sai dai furotin ya fi shara makirci. Dunƙulen da ya kafu yana jawo lafiyayyen furotin ya maƙale masa, yana haifar da sababbin dunƙule, yana kuma raunana masu kwasar. Idan aka zuba wannan cikin ƙa'idar, sai wata iyaka ta bayyana, irin wadda aka riƙa magana a kai lokacin korona. Muddin kowane dunƙule ana kwashe shi kafin ya haifi wani, ƙwaƙwalwa na zaune lafiya. Da zarar ya riƙa haifar fiye da ɗaya, adadin sai ya shiga ninkuwa.

A 2021 wata tawaga ƙarƙashin masanan Jami'ar Kambirij ta ƙiyasta cewa irin tau yana ninkuwa ne duk bayan kimanin shekara biyar. Wato cikin shekara 20 ɗaya ya zama 16, cikin 35 ya zama 128. Wannan ya yi daidai da abin da likitoci suka sani, cewa cutar na soma ɓarna shekaru da dama kafin iyali su lura. Wasu masanan a Oxford da Stanford sun ɗauki ƙwaƙwalwa tamkar taswirar garuruwa da hanyoyi, lissafinsu kuma ya fito da tsarin yaɗuwa mai kama da matakai shida da Heiko da Eva Braak suka zayyana a 1991.

Darasin da ke ciki shi ne ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gwajin ɓeraye, maganin rapamycin mai zaburar da otofaji ya yi tasiri idan an fara shi da wuri, ya kuma gaza bayan dunƙulen sun kafu. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma kowane lissafi yana rataye ne ga ingancin alƙaluman da aka ba shi.

Ina Najeriya a ciki?

Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana kwashe amiloid, ya kuma rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin wata 18. Farashin da aka sa masa a 2023 dala 26,500 ne a shekara. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan ya fi ƙarfin talaka.

Ga kuma giɓin alƙaluma. Yawancin bayanan da ake gina lissafin a kansu daga Turai da Amurka suke. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis ya nuna a 2001 cewa yawan sababbin masu kamuwa a cikin tsofaffin Yarabawa bai kai rabin na baƙaƙen fatar Amurka ba, alamar cewa ba za a kwaso ƙiyasin wani wuri a ɗora wa Afirka kai tsaye ba.

Abin da ke hannun gwamnati ya fi araha. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 na cutar ta hanyar magance abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, raunin ji, shan taba, gurɓatacciyar iska da ƙarancin ilimi tun ƙuruciya. Waɗannan batutuwa ne na kasafin kuɗi, na asibitin shan-magani da makarantar firamare. Idan lissafin shekara biyar-biyar ya tabbata, matashin da hawan jininsa ba ya samun awo a yau shi ne tsohon da za a ce "tsufa ce kawai" nan da shekara arba'in.