Harafin ƙashi a rubutun Japan: daga karaya har zuwa makabarta

Yaron Japan sai ya kai aji shida na firamare kafin a koya masa harafin 骨, mai zane goma. Ma'anarsa ta farko ƙashi. Daga Sin aka aro shi, kamar yawancin haruffan da Japanawa ke kira kanji, shi ya sa yake da karatu biyu: "hone", kalmarsu ta gado, da "kotsu", lafazin da ya zo tare da aron. Sashensa na sama hoton gaɓa ne. Na ƙasa kuwa, mai kama da harafin wata, a nan nama yake nufi. Wato ƙashi da tsokarsa a manne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda harafin ya fita daga jiki ya shiga hali. Idan likita ya rubuta 骨折, "kossetsu", karaya ce ta gaske. Amma a ce mutum ya yi "hone o oru", ya karya ƙashi, sau da yawa ana nufin ya sha wahala a kan wani aiki ko don wani. Hutun bayan wahalar kuma "honeyasume" ne, hutar da ƙashi. Mai tsayawa kan ra'ayinsa yana da "kikotsu". Dokar da aka yi wa gyara har ta rasa ƙarfi, sai su ce an yi mata "honenuki", an zare mata ƙashi kamar kifi. Hatta ƙarafan laima da sandunan mafici ƙasusuwa ake kiransu.

Akwai kuma "kotsu" da ke nufin sirrin sana'a, wannan ɗan abin da hannun gwani ya sani, baki ya kasa bayyanawa. Yau an fi rubuta ta da wasu haruffan Japan da ake kira katakana, har wasu ba su san daga ƙashi ta fito ba.

Musulmin da ya je Fukuoka gara ya riƙe wannan kalma: 豚骨, "tonkotsu", romon ƙashin alade ne, wanda taliyar garin ta yi suna da shi.

Inda harafin ya fi nauyi shi ne wajen mutuwa. Sama da kashi 99 cikin ɗari na mamatan Japan ƙone su ake yi. Bayan wuta ta lafa, dangi sukan kewaye tokar da dogayen tsinkaye, mutum biyu su ɗaga guntun ƙashi ɗaya tare, su sa a tulu, daga na ƙafa zuwa na kai, don mamacin ya kasance a tsaye. Wannan shi ne "kotsuage". Saboda haka a kan tebur ba a miƙa wa mutum loma daga tsinken cin abinci zuwa wani tsinken. Baƙon da ya yi hakan zai ga fuskokin masu gida sun canza nan take.