Nasiha ga Mai Koyon Ɗaukar Hoto a Hanyoyin Gobir

A zamanin iyayenmu, duk wanda ya so a ɗauki surarsa a Kurawa ko Gatawa, tilas ne ya jira ranar salla, ya fito da rigarsa ta cikin adaka, ya je gaban mai hoto, wanda sau da yawa Bayarabe ne, abokin wasan Bagobiri, ya tsaya ƙiƙam bai ko ƙifta ido ba sai an ce masa an gama. Yau kuwa da wuya ka iske majalisar samari wadda babu waya mai kyamara a cikinta, har ma an fara samun masu sha'awar wani fanni na daban, watau ɗaukar mutane a kan hanya da kasuwa da mashaya, suna cikin harkarsu, ba tare da an jera su an ce su yi murmushi ba. Ga irin waɗannan nake magana, kuma abin da nake son su fahimta tun farko shi ne, na'urar ita ce mafi ƙarancin abin da ake bukata. Ilmi biyu ne wajibi, na haske da na ladabi, na biyun kuwa ya fi nauyi a ƙasarmu.

Ilmin haske ba baƙo ba ne ga almajirai. Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin zaton waɗansu hukama'un Yunan da suka ce ido ne yake aika haske. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda aka huda masa 'yar kafa, inda surar abin da ke waje takan faɗa jikin bango a kife. Kyamarar da ke aljihunka wannan ɗaki ce aka ƙanƙanta, aka sa mata gilashi a bakin kafar, da marfi na lantarki mai buɗewa ya rufe. Tsawon buɗewar marfin nan shi ne jigon aikin. A 1838, wani mai ɗaukar hoto, Daguerre, ya kafa na'urarsa ta taga yana fuskantar wani titi mai cunkoso a birnin Faris, amma da yake sai da marfin ya yi mintoci a buɗe, karusai da masu tafiya duk suka ɓace daga hoton, titin ya fito fayau, ba wanda ya tabbata sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai gogewar. Mai tafiya da ƙafa yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin 250 na sakan kafin ya fito tsaf. Doki a sukuwa ko ɗan kabukabu, ɗaya cikin 1000. Waya tana zaɓa wa kanta wannan lissafi, da rana ta yi sauri, da almuru ta yi nawa, shi ya sa hotunan bayan magariba suke fitowa dishi-dishi. Maganinsa ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka jingina da bango, ka danna a hankali.

Ranarmu kuma tana da halinta. Tsakar rana a bazara, haske yana saukowa ta ka, malfa ta jefa inuwa a kan fuska, idanu su zama ramuka. In kuma mutumin yana sanye da farar riga, na'urar takan ruɗe da farin, ta rage haske, fuskar ta nutse baƙi ƙirin. Sai ka taɓa fuskar a jikin gilashin wayar da yatsa, domin ta auna haske daga nan, ko da rigar za ta ɗan ƙone. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan albarka, domin haske yana zuwa a karkace, ya fito da zanen ginin laka da saƙar zana. Hazon hunturu, wanda mutane suke ƙorafi a kansa, yana tausasa haske ƙwarai, ya dace da fuskoki, sai dai yana cinye abin da ke nesa, ƙurarsa kuma tana kwanciya a idon kyamara, wanda ya kamata a goge da tattausan ƙyalle, ba da bakin rigar da ta sha rairayi ba. Game da jawo hoto da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyi yankan hoton kawai ake yi a buɗa shi, ya rasa kaifi. Idon waya mai faɗi ne, an yi shi domin na kusa. Ka taka da ƙafarka.

To, da zarar ka matso taki uku daga mutum, ya gan ka, nan kuwa ilmi na biyu yake farawa. Gwanin ɗaukar mutane a kan hanya a Turai, Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda littafinsa na 1952 ya zama abin koyi ga masu hoton hanya, yakan lulluɓe ƙyallin 'yar kyamararsa Leica da baƙin tef don kada a lura da shi, ya ɗauka ya wuce. Haƙurinsa abin koyi ne, domin yakan zaɓi wuri mai kyan haske ya jira har wanda ya dace ya shigo. Amma satar tasa, a ganina, ba ta dace da garin da kowa ya san uban kowa ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto; Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, ba ƙagen sura ba, waɗansu kuma har yau suna ƙyamarsa, kuma za ka gamu da su a kasuwa. Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne haramcin bin diddigin asirin mutane, wanda Suratul Hujurati ta hana, da wajabcin neman izini da Suratun Nur ta koyar. Hadisi ingantacce ya sanya wa mai zama a bakin hanya haƙƙoƙi, daga ciki akwai runtse ido da kame cuta da amsa sallama. Wanda ya fito da na'urar da aikinta kallo ne, ai shi ya fi kowa cancantar a tuna masa.

Mai koyo zai ce, in na nemi izini, ai mutumin zai ƙame, abin da nake nema ya ɓaci. Amsar ita ce zama. Je maƙera a bakin damina, sa'ad da manoma suka yi cincirindo da kwashe da kalme. Yi sallama, gaida kowa, ka ce, "Baba, ina son in ɗauki hoton aikinku, in kun yarda." Lalle zai ɗago ya ce, "Yaro, mi za ka yi da shi?" Faɗa masa gaskiya. In ya yarda, kada ka fito da wayar tukuna. Zauna, a yi hira, har yaron zuga-zugi ya daina satar kallonka, maƙerin ya ciro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Masaba tana tashi tana sauka bisa ƙa'ida, sai ka ƙirga, ka danna tana gab da sauka, ka sami tartsatsi da jijiyar dantse tare. Wuri guda da aka san ka ya fi yawon gari duka amfani. Mata kuwa, da yaran mutane, da mai cin abinci, da gawa, da abin da ke bayan zaure, ba fagen mai koyo ba ne. Haka 'yan gudun hijira, waɗanda bukata kan sa su yi shiru alhali zuciyarsu ba ta yarda ba.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga: a watan Satumba na 2021 sai da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Sabon Birni da Isa, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A irin wannan hali, saurayin da aka gani yana ɗaga waya a tasha ba tare da an san dalilinsa ba, kalma guda ce za ta fito daga bakin jama'a, infoma, kuma ba a cika tsayawa tahakiki bayan ta fito ba. Saboda haka mai unguwa ya san da kai kafin ka fara. Shingen jami'an tsaro, da 'yan sa-kai, da mashigar gari, da garken wani, da shagon da ya cika da kaya, duk ka kau da kai, domin hoton da ka ɗauka don sha'awa yana iya zama jagora ga azzalumi. Wayoyi da yawa suna liƙa wa kowane hoto bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi. A kashe wannan, kuma kada a ɗora hoto a Facebook ranar da aka ɗauka.

Duk da haka ban ce a ajiye kyamara ba. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta san Barno da komai ba sai bam, ta riƙa nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, mutane suna rayuwarsu. Gobir tana bukatar irin wannan shaida. Masu fito a Gulbin Rima da damina, rumbunan laka bayan kaka, tsagen Gobirawa a kumatun dattawa wanda yaran yanzu ba a cika yi musu ba, kufan Alƙalawa da ta faɗi a 1808 in hanya ta yi lafiya: ba baƙo ne zai zo ya adana mana su ba. Sai dai hoton da ba a san inda aka ɗauke shi da ranar ba, rabin fa'idarsa ta tafi, don haka a rubuta waɗannan a ɗan littafi, a kuma kwafe hotunan zuwa wani memori, gama waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Hoton da ya yi kyau, a wanko shi a takarda in an shiga Sakkwato ko Maraɗi, a kai wa mai shi. Wanda kuwa ya sake shawara ya ce a goge nasa, a goge a gabansa, a kuma shiga ma'ajiyar abubuwan da aka goge a sake gogewa, domin wayoyi da yawa sukan riƙe hoto a can har kwana 30.