Gargaɗi ga Ɗalibanmu na Aldwych: Ku Daina Kwafo Adireshi Daga Saman Allo

Wannan kira ne na gaggawa ga 'yan'uwa ɗalibai da ke karatu a LSE da King's College a unguwar Aldwych ta Landan, musamman masu rubuta kundin digiri na biyu da na uku. Kafin ku miƙa kundinku, ku koma ku latsa kowane adireshin intanet da kuka sa a jerin manazarta, ɗaya bayan ɗaya. Akwai yiwuwar wasu sun riga sun mutu ba ku sani ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Ɗalibi ya shiga rumbun laburare da sunansa da kalmar sirrinsa, ya samu maƙalar da yake nema, sai ya kwafo dogon adireshin da ke saman allo ya manna a kundinsa. Sau da yawa wannan adireshi yana ɗauke da lambar zaman da ya yi a wannan lokacin kaɗai, ko kalmomin binciken da ya rubuta. Da ya rufe kwamfuta, shi ke nan. Gobe malami ya latsa, ba abin da zai gani sai saƙon kuskure. Tamkar ka yi wa baƙo kwatancen gidanka ne da motar da ke tsaye a ƙofar gida.

Wani nau'in kuma ya fi yaudara, domin a wajenka yana aiki sumul. Shi ne wanda sunan jami'arka ya kutsa tsakiyarsa saboda ka bi ta ƙofar shigar makaranta, irin su EZproxy. Ka aika wa abokin bincikenka a Jami'ar Bayero ko ABU Zariya, sai a nemi kalmar sirrin da ba shi da ita. Kai ma ranar da ka kammala aka rufe asusunka, haka za ka tsaya a waje.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin lamari ne. A 2014 Jonathan Zittrain da abokan aikinsa a Harvard sun gano cewa kusan rabin adireshin da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka ambata. A 2024 cibiyar Pew ta ba da rahoton cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 sun ɓace cikin shekara goma. In alƙalan Amurka ba su tsira ba, ina ga ɗalibin da ke gyaran manazarta ƙarfe biyu na dare?

Maganin ba wuya. Ka nemi DOI na maƙalar, lambar da ke farawa da 10 da ɗigo, galibi a shafin farko kusa da sunan mujalla. Ka sa https://doi.org/ a gabanta. Ko mawallafin ya sauya gida, lambar za ta bi maƙalar zuwa sabon wurin, muddin ya sabunta rajistarsa. A JSTOR ka ɗauki adireshin da ke da kalmar "stable". A kundin binciken laburare da rumbuna irin su EBSCO da ProQuest, ka nemo maɓallin da ke ba da adireshi na dindindin, wanda yawanci aka rubuta masa "Permalink". Amma a sani, DOI hanya yake nunawa, ba ya biyan kuɗin mujalla. Saboda haka ka rubuta cikakken sunan marubuci da shekara da shafi, yadda ko ƙofa ta ƙi buɗuwa mai karatu zai nemo ta wata hanya.

Rahoton gwamnati da labarin jarida su ne suka fi saurin ɓacewa, kuma da yawa ba su da DOI. Duk mai ambaton shafin wata ma'aikata a Abuja ko Yamai ya adana kwafinsa a rumbun adana shafukan intanet na Wayback Machine tun ranar da ya karanta, ya rubuta kwanan watan.

Sannan kada girman wuri ya ruɗe ku. A ƙarshen Oktoban 2023 'yan kutsen Rhysida sun durƙusar da British Library da ke St Pancras, ba nisa daga nan. Kundin bincikensa bai dawo ba sai Janairun 2024, rumbun EThOS na kundayen digiri na uku na Birtaniya kuwa ya haura shekara a rufe. Waɗanda suka sauke abin da suke buƙata tun da wuri su ne suka ci gaba da rubutu.

Don haka yau ɗin nan, ka buɗe sabuwar taga ta sirri a burauza, ko ka ari wayar wanda ba ɗan makarantarku ba, ka gwada adireshinka duka. Wanda ya ƙi, ka tafi da shi wajen ma'aikatan laburaren LSE a titin Portugal ko na King's, wato Maughan, a Chancery Lane, su nuna maka na dindindin tun asusunka yana buɗe.