Yadda Ake Yin Mazubi da Gindin 'Ya'yan Wasan Tebur a Gida

A gidajen ma'aikata da ke Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA a birnin Bauchi, kamar yadda yake a sauran manyan garuruwan ƙasar nan, da wuya a rasa allon ludo, ko na ces, watau darar nan mai sarki da doki da askarawa, ajiye a kan kabad ya yi ƙura. Ba allon ne ya lalace ba. 'Ya'yan wasan ne suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuwa ba safai ake sayar da su ɗai ɗai ba, sai dai mutum ya sake sayen akwati sukutum wanda aka yiwo odarsa daga ƙasashen waje. Makarantu da ƙungiyoyin matasa su suka fi jin jiki, domin allo guda na ces yana bukatar 'ya'ya 32, ajin da ke son allo goma kuwa sai ya tanadi 320. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda za a yi waɗannan 'ya'ya a gida da kayan da ba su da tsada, da kuma hanya guda wadda tilas ne a guje mata saboda tana kashe yara.

Zubi ba baƙon abu ba ne

Darar gargajiya ba ta san wannan matsala ba. Ana tona gurabu 30 a ƙasa, layi biyar a kan shida, kowane ɗan wasa ya tsinci 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara, shi ke nan. Amma wasannin da kowane ɗa ke da siffarsa da matsayinsa suna bukatar a yi abu guda sau da yawa ba tare da ya bambanta ba, wannan kuwa aikin mazubi ne.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin sirrinsa. Maƙeran Igbo-Ukwu da Ife da Binin sun yi zubin tagulla ɗaruruwan shekaru da suka wuce: sukan sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan su ɗura narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwanninmu suna yin irin wannan da yashi, mai buga bulo ma da mazubi yake aiki. A Turai kuwa, wasannin yaƙi na kan tebur sun samo asali ne daga horon hafsoshi. A shekarar 1824 rundunar sojan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, ta karɓi wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, a 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa littafi kan dokokin wasa da sojojin ƙarfe. Masu wannan sha'awa a yau sun fi amfani da mutum-mutumi mai tsawon kimanin milimita 28, a kan gindi mai faɗin milimita 25 ko fiye.

Akwai iyayen da ba su son siffar mutum ko ta dabba a gidajensu saboda addini. Wannan ba ya hana aikin. Tun zamanin da, masu sassaƙa 'ya'yan ces a ƙasashen Musulmi sukan yi su ne dunƙule dunƙule, ana gane sarki da tsawonsa, doki da ɗan tsinin da ke gabansa. Irin waɗannan siffofi ma su suka fi sauƙin fita daga mazubi.

Uwar siffa

Kafin a yi mazubi sai an sami abin da za a kwaikwaya, wanda za a kira uwar siffa. Ko dai a ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan da suka rage, ko a sassaƙa sabo da sabulun wanki mai tauri, ko kyandir, ko itace mai taushi. Ƙa'ida guda ce ke mulkin wannan mataki: kada siffar ta kasance da lungu ko ƙugiya da za ta maƙale in an zo cirewa. Askari mai kai kamar ƙwallo da jiki mai faɗi daga ƙasa ba ya ba da wahala. Doki mai buɗaɗɗen baki da siraran kunnuwa shi ne ke karya mazubi, saboda haka mai koyo ya bar shi sai hannunsa ya faɗa.

Mazubin filasta

Filasta ita ce farin garin nan da masu yin silin na zamani ke kira fi'ofi. Ana samunta ne daga dutsen jifsam, wanda akwai shi a yankin Nafada ta Jihar Gombe, idan aka gasa shi da zafin kimanin digiri 150 har yawancin ruwan jikinsa ya fita. Da zarar an mayar mata da ruwa sai ta koma dutse. A unguwa irin GRA, inda gini da gyaran gida ba su yankewa, ragowar buhun da magina suka bari ya isa yin mazubai da dama, muddin an nemi izinin mai shi, kuma garin bai sha danshi ya dunƙule ba. Filastar da ta kwana a damina cikin buɗaɗɗen buhu ta mutu, kada a ɓata lokaci a kanta.

Da farko a sami ƙaramin akwati na kwali ko gwangwanin sadin wanda ya fi uwar siffa girma da kamar santimita biyu ta kowane gefe. A shimfiɗa yumɓu mai laushi a ƙasansa, a kwantar da uwar siffa a danna ta har rabinta ya nutse daidai, ƙasanta kuma ya jingina da bangon akwatin, domin nan ne zai zama bakin mazubi. A shafe yumɓun da ke kewaye ya yi sumul. Sa'an nan a ɗauki gindin fensir a yi 'yan ramuka uku ko huɗu a kusurwoyi. Waɗannan ramuka su ne makullai, su za su sa ɓarin sama da na ƙasa su haɗu daidai kowane lokaci. Wanda ya manta da su zai riƙa fitar da 'ya'ya masu karkatacciyar fuska, rabi ya zarce rabi.

A shafa wa uwar siffa man basilin kaɗan, ba cunkus ba, don mai da yawa yana toshe zane. Daga nan sai kwaɓi. A zuba ruwa mai sanyi awo ɗaya a roba, a riƙa barbaɗa gari kimanin awo biyu a kansa har ya fara tsayawa kamar tsibiri a saman ruwan. Gari ake kai wa ruwa, ba a kai wa gari ruwa. A bar shi ya jiƙa minti biyu, a motsa a hankali har ya yi kaurin kunu, a tsiyaya daga kusurwa guda domin ya bi kan siffar da kansa, sa'an nan a bubbuga gefen akwatin don kumfar iska ta taso. Cikin rabin sa'a zai daskare, zai kuma yi zafi yayin da yake kamawa. Saboda wannan zafi, lalle ne kada a bar yaro ya tsoma hannu ko yatsa cikin kwaɓin yana jiran ya ƙame. Mutane sun ƙone ƙwarai ta wannan hanya.

Idan ya huce sai a kife, a ɓamɓare yumɓun ba tare da an motsa uwar siffa ba, a shafe fuskar filastar duka da ruwan sabulu mai kauri sau biyu ko uku, a mayar cikin akwati, a zuba ɓari na biyu. Filasta tana manne wa 'yar'uwarta, in babu sabulu a tsakani sai dai a fasa da guduma. Ragowar kwaɓi kuwa kada a zubar da shi a bahon wanka ko magudanar kicin, zai daskare cikin bututu. A bar shi ya bushe a roba, a murɗa robar ya faɗo.

Mazubin yana bukatar kwanaki kafin ya bushe sarai. A Bauchi lokacin hunturu kwana uku ko huɗu a inuwa sun isa, a watan Agusta kuwa sai a ba shi mako ko fiye.

Abin da ya fi dacewa da mazubin filasta shi ne yumɓu. A cusa shi cikin kowane ɓari, a haɗa, a matse, a jira kaɗan. Filasta tana tsotse ruwan yumɓun, shi kuma ya ɗan tsuke ya saki da kansa. A kankare layin haɗi da wuƙa, a shanya a inuwa, a kai wa masu ginin tukwane su gasa tare da kayansu. Yumɓu yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da gashi, sai a yi lissafin haka tun wajen uwar siffa. Jihar Bauchi ta yi sa'a a nan, domin akwai farin yumɓu mai yawa a Alƙaleri, ja kuma ko'ina, watau ana iya samun rundunoni biyu masu launi dabam ba tare da fenti ba.

Mazubi mai lanƙwasa

Ga siffa mai lungu, akwai dabara ta biyu. A sayi gam ɗin silikon da masu haɗa tagar gilashi ke amfani da shi, irin mai warin tsami mai hawa hanci, a matse shi cikin kwanon sitacin masara, a murza da hannu mai safar roba har ya daina kama yatsa ya zama kamar kwaɓin fulawa. A lulluɓe uwar siffa da shi kaurin santimita guda, a bar ƙasanta a buɗe. Cikin sa'a guda ya kama. A tsaga gefe ɗaya da reza a zare siffar, in za a yi zubi a ɗaure da robar ɗaurin kuɗi. A yi wannan aiki a waje ko kusa da taga saboda warin. Cikin irin wannan mazubi ana zuba filasta, ko siminti da yashi mai laushi wanda aka tankaɗe. In an ƙara cokali guda na farin gam ɗin kafinta cikin ruwan kwaɓi, 'ya'yan filasta za su rage saurin guntulewa.

Gindi

Ɗan wasan da ke faɗuwa duk lokacin da aka taɓa tebur ba shi da amfani, kome kyaunsa. Abu biyu ke tsayar da shi, faɗin gindi da nauyinsa. A ma'aunin gasar ces, kowane gida na allo yana da faɗin santimita 5 zuwa 6, sarki yana da tsawon kimanin santimita 9.5, faɗin gindin kowane ɗa kuma kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ne na tsawonsa. Wanda ya bi wannan ba zai ga 'ya'ya suna cunkushe ko suna tangaɗi ba.

Marfin kwalbar ruwa na roba gindi ne da ya zo a shirye. A cika shi da siminti, a dasa ɗan wasan tun simintin yana ɗanye, ko a soka guntun waya a ƙasansa ya shiga ciki. Woshar ƙarfe ta wajen masu sayar da kusoshi da noti a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ita ma tana da kyau, ga nauyi ga daidaiton girma. In ana son ginduna da yawa iri ɗaya, a danna marfi sau ashirin a kan shimfiɗaɗɗen yumɓu, a zuba filasta a gurabun. A manna ƙyallen tsohon bargo a ƙasa don kada allo ya kuje. Masu wasa a ƙasashen waje sukan manna 'ya'yansu a kan tsabar kuɗi, amma kada a yi haka a nan: Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta wulaƙanta naira, takarda ko tsaba, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Darma

Wasu za su ce 'ya'yan ƙarfe sun fi ƙarko, ga tsohon batirin mota a bayan gida, darmar cikinsa kuwa tana narkewa da zafin digiri 327 kacal, ko a kan murhun gawayi. Gaskiya ne da darma aka yi sojojin wasa na Turai shekaru masu yawa, amma an daina yi wa yara su tun cikin shekarun 1960.

Darma guba ce. Hayaƙinta da ƙurarta suna shiga jiki ta numfashi da ta baki, suna taɓa ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda, yaro ƙarami kuma ya fi babba saurin shanye ta, ga shi duk abin da ya riƙa sai ya kai baki. Likitoci ba su san wani ɗan ma'auni na darma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa ba. Ƙasar nan ta ga aikinta da idonta a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya mai darma da ake daka wa cikin gidaje. Da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da naƙasa. A 2015 abin ya sake aukuwa a yankin Rafi ta Jihar Neja. Tsakar gidan da aka narka batir a cikinsa yakan riƙe gubar a ƙasarsa shekara da shekaru, a inda yara ke rarrafe. Har wa yau, narkakken ƙarfe in ya sami ɗigon danshi cikin mazubin filasta yakan yi tsalle ya fantsama a fuska. Wanda ya matsa sai ya sami 'ya'yan ƙarfe, ya kai uwar siffarsa ga masu zubin alminiyam, su ne da sana'ar.

Gamawa da fenti

A goge ɗan wasa da sanfefa mai laushi bayan ya bushe, a shafa masa farin gam da aka tsinka da ruwa don ya toshe ƙofofin jikinsa, in ba haka ba filasta za ta shanye fenti ta bar shi dabbare dabbare. A yi amfani da fentin ruwa irin na 'yan makaranta, a guji ragowar tsohon fentin mai wanda ba a san abin da ke cikinsa ba, domin wasu irinsa suna ɗauke da darma. A bi da banish sau biyu. 'Ya'yan ludo da ƙananan askarawa suna iya maƙale wa yaron da bai kai shekara uku ba a maƙogwaro, sai a tanadi gwangwani mai murfi a ajiye su a sama. A rubuta sunan kowane mazubi a bayansa, a ɗaure ɓarinsa biyu tare, a adana uwar siffa dabam, domin mazubin filasta yana cinyewa da yawan aiki kuma daga gare ta za a sake wani.