KIWON KAJIN GIDA DOMIN NAMA: KADA A YANKA IRI

Da wuya ka shiga gidan malami ko na akawu a ƙasar nan ka rasa kaji biyar ko shida suna tono a bayan ɗaki. Amma in ka tambayi maigidan ko kiwo ya ke yi, sai ya yi dariya ya ce ai na iyali ne. Ba a ba su abinci sai abin da ya zube wajen sussuka da surfe, ba a kuwa san adadinsu ba sai ran da baƙo ya sauka, sa'an nan a aiki yara su kamo zakaran da ya fi girma a yanka. Wannan al'ada ta yanka babba a bar ƙarami ita ce mu ke so mu yi magana a kai, domin muna ganin tana cikin manyan abubuwan da ke hana kajinmu girma, alhali kuwa kullum irin mu ke zargi.

Kazar Gida Da Ta Gidan Gona

Da farko ya kamata a san cewa kazar nama ta gidan gona, wadda a ke kira buroila, aikin zaɓen iri ce. A cikin 1948 aka yanke hukuncin wata babbar gasa ta masu kiwo a Amurka, wadda aka shirya domin neman kaza mai faɗin ƙirji, mai saurin girma. Tun daga nan kamfanoni suka duƙufa, kowane zubi su ware waɗanda suka fi girma su bar su su hayayyafa. A cikin 2014 masana na Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka buga sakamakon wani gwaji, inda suka kiwata irin 1957 da irin 2005 da abinci iri ɗaya. Da suka cika kwana 56, nauyin na 1957 giram 905 ne, na 2005 kuwa giram 4,202, watau ninki huɗu da ɗoriya. Tun da ya ke abincin ɗaya ne, ashe zaɓe ne ya kawo wannan bambanci. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa maganarmu ta tsaya.

Amma fa saurin nan yana da tsada. Buroila tana isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, sai dai ba ta rayuwa sai da abincin saye da magani, ba ta jure zafin bazara, sau da yawa kuma ƙafafunta kan gaza ɗaukar jikinta. Abin da ya fi wannan duka shi ne mai ita ba shi da iri a hannunsa. Kakannin irin suna hannun 'yan kamfanoni kaɗan na ƙasashen waje, saboda haka duk zubin da ya ƙare tilas ne a koma a sayo sababbin 'yan tsaki.

Kazar gida kuwa sai ta yi wata 5 ko 6 kafin nauyinta ya kai kilo ɗaya ko ya ɗara kaɗan. To, amma ita ke neman yawancin abincinta, ta san shaho tun daga inuwarsa, ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta ba da fitila ba. Namanta yana da ƙarfi da ɗanɗano, ba ya dagargajewa a miya ko farfesu, shi ya sa ba ta kwantai a kasuwa, balle in salla ta gabato. Ko a Amurka, inda aka ƙago buroila, akwai ƙungiya mai suna Livestock Conservancy, wadda aka kafa a 1977 domin ceton tsofaffin irin dabbobi da kaji. Cikin sharuɗɗanta na kazar gado akwai cewa ta hayayyafa da kanta, ta iya zaman waje, kada kuma ta isa yanka kafin mako 16. Abin da su ke kashe kuɗi su ceto, mu ga shi nan yana yawo a tsakar gidanmu.

Irin Da Mu Ke Da Shi

Kajinmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai kazar Fulani ta rugage, wadda ta fi sauran girma. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, da mai wuya ba gashi, wadda ta fi jure zafi saboda ƙarancin gashinta, da mai gashi a birkice. Tun zamanin En'e aka gwada kyautata su ta hanyar musayar zakaru, a karɓi na gida a ba da na Turai irin su Rhode Island Red, amma abin bai ɗore ba, domin baƙin zakarun ba su jure cuta da yunwa da neman abinci a juji ba. Masana na baya sun ɗauki darasi. Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta da abokan aikinta sun yi shekaru suna zaɓe, da kajin gida a gindin aikin, har aka yi rajistar irin da a ke kira FUNAAB Alpha a 2018.

Yadda A Ke Zaɓe

Ba manomin kirki da zai cinye manyan zangarniyoyi ya bar tsumburarru domin shuka. Ran girbi ya ke ware damin iri, ya rataye inda ko yunwa ta matsa ba a taɓawa. Haka ya kamata a yi wa kaji.

Sa'ad da 'yan zakaru na ƙyanƙyasa ɗaya suka kai wata 4, a auna su ɗaya bayan ɗaya. In ba sikeli, a ɗaga a hannu a shafa ƙirji. Wanda ya fi nauyi da cikar ƙirji, ƙafafunsa miƙaƙƙu, bai kuwa taɓa kwanciya ciwo ba, a ɗaura masa jan zare a ƙafa, a sanar da kowa a gidan cewa wannan ba na wuƙa ba ne. Sauran su ne nama. A ware su, a ƙara musu abinci mako 2 ko 3, a yanka ko a sayar suna da wata 5 zuwa 6, domin bayan nan abincin da su ke ci ya fi naman da su ke ƙarawa.

Zakara ɗaya ya isa kaji goma. Kada a bar shi ya hau 'ya'yansa, domin haɗa jini na kusa yana rage ƙyanƙyasa, yana kawo raunanan 'yan tsaki. Kowace shekara a yi musaya da zaɓaɓɓen zakaran wani gari, amma a tsare baƙon shi kaɗai mako 2 kafin a sake shi, don kada ya shigo da cuta. Wajen mata kuwa, a bar wadda ke cika ƙwai goma sha biyu ko fiye, ta ƙyanƙyashe yawancinsu, ta kuma raya 'ya'yanta. Wadda ke tashi daga kwanci ko ta watsar da 'ya'ya, tukunya ce magajiyarta.

Renon 'Yan Tsaki

Ba a zaɓe sai da yawa, yawa kuwa ba ya samuwa in 'yan tsaki suna ƙarewa. Yawancin hasara cikin mako 6 zuwa 8 na farko ta ke aukuwa, ta hanyar shaho da shirwa da muzuru da raɓar safiya da yunwa. Maganin wannan shi ne a kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando a inuwa da rana, da dare a sa su a akurki mai murfi, a riƙa sharewa ana barbaɗa toka saboda ƙuma. Ruwan sha a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Dusa kaɗai ba ta gina tsoka. A haɗa tsakin gero ko masara da garin ƙuliƙuli da ganyen zogale. Gara kuwa kyauta ce: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da shuri da maraice, da safe a juye musu. In za a ba da waken soya, a gasa shi tukuna, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Kada ko kaɗan a ba su hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna. A cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa mai fumfuna, daga nan ne masana suka gano dafin da ke cikinta.

Annobar Hunturu

Kowa ya san cutar nan da ke share kajin unguwa in hunturu ya shigo: kaza ta yi zawo kore, ta riƙa haki, wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiranta da sunan garin Newcastle na Ingila. A 1926 aka fara gane ta, a Nijeriya kuwa a 1952 aka fara ganinta a wajen Ibadan. Ba ta da magani, kafso da barkonon da a ke jiƙa musu ɓarnar kuɗi ce kurum. Amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin irin da a ke kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya a ke sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, ba ta kuwa daɗewa in an buɗe, saboda haka maƙwabta su haɗu su yi rana ɗaya.

Har wa yau, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, wajibi ne duk wanda ya ga kajinsa suna mutuwa da yawa farat ɗaya ya sanar da malamin dabbobi. Kada a yanka a ci, kada a garzaya da su kasuwa. A haƙa rami mai zurfi a binne.

Lissafin Abin

Bari mu yi misali. A ce mutum yana da kaji biyar da zakara ɗaya, kowace ta yi kwanci sau 3 a shekara, ta ƙyanƙyashe 8. Ka ga 'yan tsaki 120 ke nan. In kashi biyu cikin uku suka rayu, an sami 80, wajen rabinsu zakaru. Watau gidan zai yanka fiye da uku a wata ba tare da an taɓa albashi ba, ga kuma 'yan mata na sayarwa a sayi dusa da rigakafi. Tsakar gida ba za ta ciyar da wannan adadi da tono kaɗai ba, don haka a riƙa rage su da wuri.

Muna roƙon akawuna, waɗanda rajista ita ce sana'arsu, su buɗe wa kajinsu ɗan littafi: ranar kwanci, nawa suka fito, nawa suka rayu, nauyinsu a wata 4. Malaman makaranta kuma su gina akurki a gonar makaranta, yara su yi awon da kansu, su rubuta, ya zama darasin lissafi. Yaron da ya ga zaɓe ya ƙara wa zakara nauyi da idonsa, shi zai kai maganar gidan ubansa. A fara da rigakafi a watan Oktoba, tun iskar hunturu ba ta taso ba.